Ranar da Muka Miƙa wa Mutanen Kawu Sadaka

Mai abu ya karɓi abinsa. Kawu ya koma ga Ubangijinsa wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na zaure a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Masu gaisuwa suka yi ta zuwa, kowa da abin da zai faɗa. Mai shayin bakin layi ya ce, "Bawan Allah ke nan, ba shi da abokin faɗa." Wani dattijo da ke kawo masa wankin hula ya ce, "Ni dai ban taɓa jin ya zagi kowa ba." Liman ya ɗora da cewa duk wanda harshensa bai cuci mutane ba ya tafi da babban guzuri. Muna ta cewa amin, muna gyaɗa kai. Sai da na koma gefe abin ya fara yi mini wani iri, domin Kawu kurma ne. Tun yana yaro sanƙarau ya tafi da jinsa, magana ta bi baya. Ashe duk yabon da muke karɓa yabon shiru ne. Babu mutum ɗaya da ya kawo wata magana da Kawu ya taɓa gaya masa, har mu da muka kwana gida ɗaya da shi.

A gidanmu akwai abin da muke kira maganar Kawu. In ka kai hannu baki, abinci. In ka ɗaga hannu biyu saitin kunne, salla. In ka yafito, zo. In ka kaɗa bayan hannu, tafi. Kayan aikinmu ke nan, da su muka yi zaman shekara da shekaru. In zance ya fi ƙarfinsu sai mu wage baki a gabansa mu yi ta ihu, sai ka ce ƙarar ce ta yi masa kaɗan. Shi kuwa sai ya tsaya yana kallon bakinmu har mu gaji, ya yi ɗan murmushin nan nasa na gefe ɗaya, ya gyaɗa kai. Mu kuma mu wuce muna jin mun yi hira.

Sana'arsa wankin hula. Da safe zai jera hulunan da ya wanke a kan gungumen icce a bakin zaure, su sha rana, yana juya su. Ba ya rikita hular wani da ta wani. In ka nuna ɗaya kana son sanin mai ita, sai ya miƙe ya yi maka tafiyar mutumin. Ga Alhajin da tumbinsa ke riga shi shiga masallaci, ga malamin makarantar da ke leƙen mutane ta saman tabarau, ga direban nan mai tafiya yana karkaɗa makulli. Ba ya kuskure, kana gani ka san ko wane ne. Mukan yi dariya har da riƙe ciki, amma sunan da muka ba abin shi ne shiriritar Kawu. In an yi baƙi, yayana yakan yafito shi ya zo ya yi musu. Wani lokaci ya yi, wani lokaci ya kau da kai ya ci gaba da goge hula. Sai mu ce yau 'yan rigimar ne a kansa.

Ran Juma'a kuwa, da an sauko masallaci zai saka farar rigarsa da hular da ta fi kowace kyau, ya tari Adaidaita ya nufi Tarauni, ba ya dawowa sai dab da magariba. In wani ya tambaya, sai mu ce ya tafi majalisar bebaye. Iyakar saninmu ke nan. Babu wanda ya taɓa bin sa, babu wanda ya taɓa tambaya.

Da ciwo ya kwantar da shi, Inna, mahaifiyata, ita ta yi jinyarsa. Ita ce ta fi kowa shiga wani hali, kuma ba kukan rashi kaɗai ba ne. A wurin jana'iza Liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci, kowa ya ce ya yafe. Da na shiga cikin gida bayan la'asar na gaya mata, don ta ji sanyi, sai ta dube ni.

"Sun yafe masa me? Me ya yi wa wa?" in ji ta. "Mu ya kamata mu roƙe shi. Da na ga jikin ya yi nisa, na zauna a gabansa, idonsa biyu yana kallona. So nake in ce, Yaya ka yafe mini. Na dubi hannuwana, na rasa ta inda ake faɗa. Ka san abin da na yi? Hannu na kai baki. Tambayarsa na yi ko zai sha kunu."

Na ce, "Inna, ai Allah ya ga zuciyarki."

Ta ce, "Allah ya gani. Shi fa?"

Na tashi na fito.

Ranar sadakar uku ne muka tafka abin kunyar da ya sa nake wannan rubutu. An yi addu'a da safe, ana ta rabon waina da gumba, sai ga wani ayari ya shigo layinmu, maza a gaba, mata a baya. Wani dogon dattijo mai farar riga ne ya ja gaba. Suka tsaya a bakin tabarma, dattijon ya fara motsa hannuwa, sauran na taya shi. Wani daga cikin mazauna ya ce ƙasa-ƙasa, "Bebaye ne, sun ji labarin sadaka." Yayana, wanda shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinmu, ya matso kusa da ni ya ce, "Ƙulla musu waina a leda su wuce, kada su cika mana waje, akwai manyan baƙi a hanya."

Na tashi na ƙulla. Na je gaban dattijon na miƙa masa, kuma don in nuna ni ma na iya, na yi masa maganar Kawu: na kai hannu baki, sannan na kaɗa bayan hannu. Ya dubi ledar, ya dube ni, ya mai da hannuwansa biyu baya ya harɗe. Babu fushi a fuskarsa, da akwai ma da na fi jin sauƙi. Can sai ya ɗaga tafukansa sama, mutanensa suka ɗaga, suka yi addu'arsu a tsaye, suka shafa, suka juya. Wata budurwa a cikin matan tana tafe tana share hawaye. Ni kuwa ina tsaye da leda, har ina cewa a raina waɗannan akwai girman kai.

Ba su daɗe da shan kwana ba wata mata ta sauko daga Adaidaita da sauri. 'Yar kudu ce, Kirista, ta yafa gyale saboda gidan rasuwa, Hausa kuwa a bakinta tamkar a Kano aka yanke mata cibi. Ta gaishe mu, ta yi mana ta'aziyya, ta ce, "Mutanen Baba ba su iso ba? Ni ce zan yi musu tafinta, cunkoso ya tsare ni." Sai idonta ya faɗa kan ledar da ke hannuna. Ta juya wajen yayana.

"Alhaji, ba bara suka zo ba. Gaisuwa suka zo. Baba, marigayin nan naku, shi ne shugabansu."

Yayana ya ce, "Shugaban me?"

"Na wasan kwaikwayo. Shi ke tsarawa, shi ke koyarwa. 'Yata tana cikinsu. Tun jiya suke shirin zuwa, wani ma daga Ƙauyen Alu ya tako da ƙafa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mutanen da suka fi kowa asara muka hana wurin zama a kan tabarmar makokinsa.

Kafin mu san yadda za mu ɓoye, labari ya shiga cikin gida. Inna ta aiko a kira ni, ta ce gobe Juma'a in kai ta wurinsu. Yayana ya biyo ni yana cewa ta bari mu maza mu je mu ba da haƙuri. Shi ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma cika amsa masa kai tsaye ba. Ni ta kalla ta ce, "Ka gaya wa wancan, aikin maza na gan shi jiya da yau. Ni zan je."

Wurin nasu yana bayan wani shagon kafinta a Tarauni, rumfar kwano ce da benci-benci. Matar nan, wadda kowa ke kira Madam saboda shagon ɗinkinta, ta tare mu a bakin hanya. Na shiga ina sunkuyar da kai, ina jiran a rama. Dattijon jiya, wanda Madam ta ce shi ne aminin Kawu, da kansa ya shimfiɗa wa Inna tabarma, ya sa aka kawo mana ruwa. Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙin ɗauka. Suka zauna a kewaye don kowa ya ga hannun kowa, Madam ta zauna kusa da Inna tana mayar mana da magana.

A nan na fara jin Kawu. Ashe mutum ne mai surutu, mai tsokana, wanda in ya fara ba da labari sai an tuna masa lokacin salla. Ashe yana da maganganun da suka zama karin magana a wurinsu. Yakan ce masu ji ba su iya kallo ba, kunne ya lalata musu ido. Yakan ce wa sabon ɗan wasa, kada ka nemi tausayin masu kallo, tausayi a bakin titi ma ana samu kyauta. Wani matashi ya ɗaga hannu ya ƙara wata, aka yi dariya, amma Madam ta yi jim ba ta fassara ba. Inna ta ce ta faɗa.

"Hajiya, cewa yake yi shi ba ya tuna cewa kurma ne sai an ɗauke wuta, ko kuma in ya koma gida."

Inna ta gyara mayafinta.

Aminin nasa ya ba mu labarin rigimarsu. An taɓa gayyatarsu wani babban zauren taro, a ranar da aka ware don nuna fasahar masu buƙata ta musamman. Suka je da wasa a kan wata kurma mai naƙuda da aka kai asibiti, ta rasa mai fahimtar abin da take faɗa. Da suka hau dandamali, fitilu duk suna kan teburin manyan baƙi, su an bar su a dishi-dishi, an kuma zaɓi lokacin rabon abinci. Kuramen da suka zo kallo an tura su can baya. Mai gabatarwa, wanda bai san ko alama ɗaya ba, ya kama lasifika yana ƙirƙira musu magana daga kansa, yana mai da abin barkwanci. Matar tana birgima tana neman ceto, zaure yana ƙyalƙyala dariya.

Kawu ya ga haƙora a waje a inda ya kamata ya ga hawaye. Ya tsai da wasan, ya taka har gaban mai gabatarwa, ya karɓi abin maganar a hankali ya ajiye a ƙasa. Sannan ya tsaya ya yi mutumin, tun daga yadda yake turo ƙirji har yadda yake lasar leɓe yana satar kallon kwanon manya. Dariyar ta koma kan mai ita. Daga ranar Kawu ya kafa sharaɗi: ba su ƙara hawa dandamalin kowa sai haske yana kan hannuwansu, tafinta nasu ne, kurame a sahun gaba, kuma ba a lokacin cin abinci ba.

Gayyata ta ɗauke ƙaf. Aminin ya ce shi da kansa ya yi wa Kawu faɗa, ya ce taurin kai zai kashe ƙungiya, gara a yi mana dariya da a manta da mu. Suka yi gaba mai tsawo. Gabar kurame kuwa kau da kai ce, in ba ka kalli mutum ba ka toshe masa baki. Ana zaune rumfa ɗaya, kowa ya ba wani ƙeya. Sai wata rana masu wani taron suka zo da ƙafarsu suka ce sun yarda da sharuɗɗan duka. Aminin ya ce ranar Kawu bai yi masa gori ba, hularsa kawai ya cire masa ya ce ta yi datti, ya tafi da ita ya wanko.

Madam ta ce ita ma tana da nata labarin. 'Yarta, budurwar da na gani tana kuka, a bayan keken ɗinki ta girma, ba ta fita, ba ta kallon idon kowa. Kawu ya kawo gyaran riga, ya lura da ita, sai ya tsaya ya yi Madam ɗin kanta, allurai a baki, tana harara tana auna mutum. Yarinyar ta tuntsire da dariya. Tun daga nan yake biyowa shagon. "Amma ba ita ya fara koya wa ba, ni ya fara koya wa," in ji Madam. "Ya ce mini, ke uwa ce, kada ki zama baƙuwa a wurin 'yarki. Hajiya, da hannun nan na fara jin abin da ke cikin 'yata, tana budurwa."

Inna ta juyo wajen Madam. Ta ce, "Madam, tambayar mini su. Ya taɓa yin zancenmu?"

Suka dubi juna. Aminin ya ce akwai wasan da Kawu ya tsara a kan gidansu, bai taɓa yarda a kai shi waje ba, a rumfar nan kaɗai ake yi. Ya ce ba ya jin ya dace yau. Inna ta ce ita dai a yi.

Aminin ya zauna a ƙasa ya zama Kawu, yana goge hula. Wani ya shigo yana wage baki yana ihu, yana nuna shi ga baƙi, ban buƙaci tafinta ba na gane yayana. Wani ya biyo baya, ido a kan waya, ya kai hannu baki ko kallonsa bai yi ba, ya sosa ƙeya ya wuce. Wannan sosa ƙeyar tawa ce, ban san ina yi ba sai ranar. Babu wanda ya yi dariya, saboda muna wurin.

Sai 'yar Madam ta shigo da tafiyar Inna, ƙafar hagu tana ɗan ja. Ta durƙusa ta ajiye kwano. Ba ta tashi ba. Ta gyara wata hula da ba ta buƙatar gyara. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta kai hannu baki, ta miƙe, ta kai ƙofa, ta ɗan tsaya, ta fita. Tana ba da baya sai mai yin Kawu ya ajiye hular, ya ɗaga hannuwa ya shiga zuba wa bayanta magana, yana yi yana murmushi, ya daɗe yana yi.

Inna ta riƙe hannun Madam. "Me yake cewa?"

"Hira ce kawai, Hajiya. Yana gaya miki wanda ya gani yau a hanya. Yana cewa miyar jiya gishiri ya yi yawa. Yana tambaya ko kin tuna bishiyar da kuke hawa a gidan kakarku. Yana cewa ki daina ɗaukar ruwa da ƙafar nan."

Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka a gaban maza ba sai ranar. Babu wanda ya hana ta. Da ta lafa, ta goge fuska ta ce wa Madam, "Nuna mini yadda ake cewa ka yafe mini."

Madam ta nuna mata. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sauƙinsa, bai kai ɗaura ɗankwali wuya ba. Inna ta gwada, 'yar Madam ta kama yatsunta ta gyara mata, ta sake gwadawa ya zauna. Sai ta juya ta fuskanci aminin Kawu, ta yi masa da hannunta. Ni ma na durƙusa na kwaikwaya.

Dattijon ya dube mu, ya amsa a hankali, Madam na faɗa.

"Abin da aka yi mana a ƙofar gida na yafe, dukkanmu mun yafe, kada a ƙara tuna shi. Amma na san ba ni kike tambaya ba. Wancan ba a hannuna yake ba, Hajiya, ba zan yi miki ƙarya da bakin mamaci ba. Ban taɓa ganin ya zage ku ba. Jira dai na ga yana yi."

Inna ta gyaɗa kai ta ce, "Gaskiya ka faɗa, Malam." Muka yi sallama.

Ni da Inna muka hau Adaidaita muka nufi Gyaɗi-Gyaɗi. Na ga mayafinta yana motsi, na duba, ashe hannunta ne a ƙasa yana ta maimaita abin da ta koya, don kada ya kuɓuce mata. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa kurakuransa. Inna kuwa, Allah ya sada ta da yayanta a inda za ta tambaye shi ya amsa.